Yadda ake sauya lasifika da ɗaura amfilifaya a kan babur ɗin doguwar tafiya

Duk wanda ya taɓa hawa babban babur mai rediyo ya san cewa sautin da yake daɗi a cikin gareji ba ya kai labari da zarar an hau titi an ba shi wuta. Da gudu ya kai kilomita 100 a awa, ƙarar iska a kunnen mahayi takan wuce desibel 90, ga rugugin inji da na salansa a kai, alhali rediyon Boom! Box da kamfanin Harley-Davidson ya fara ɗorawa kan manyan baburansa a 2014 wat 25 kacal yake ba kowace lasifika. Wannan jagora ta shafi Street Glide da Road Glide da 'yan'uwansu na 2014 zuwa 2023, domin su ne aka fi yi wa wannan aiki, amma ƙa'idojin lantarkin da ke cikinta suna aiki a kan Honda Gold Wing da Indian Roadmaster ma. Samfurin 2024 ya zo da wani tsarin rediyo na daban, don haka mai shi ya nemi kayan da aka ƙera musamman dominsa.

Kafin a kashe ko kwabo a kan lasifika, a dubi gilashin gaban babur. Gajeren gilashi yana jefo iska kai tsaye kan hular kwano, kuma babu amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, da za ta iya gogayya da wannan guguwa. Sau da yawa gilashi mai ɗan tsayi ko mai lanƙwasa a sama yana gyara jin sauti fiye da ƙarin wat ɗari, kuma kuɗinsa bai kai ba.

Mataki na farko: tabbatar da lafiyar wutar babur

Amfilifaya ba ta ƙirƙirar ƙarfi, daga batir da koyil take ɗibarsa, saboda haka daga nan ake farawa. A sa mitar awon lantarki a kan batir bayan babur ya kwana ba a tayar da shi ba. Lafiyayyen batir zai nuna bolt 12.6 zuwa 12.8. Sai a tayar da inji a ɗan ja totur, a ga ko awon ya hau zuwa tsakanin 13.8 da 14.5. Idan bai hau ba, akwai matsala a koyil ko regileta, kuma wajibi ne a gyara ta kafin a ci gaba, domin ɗora sabon nauyi a kan cajin da ya riga ya raunana zai bar mutum a tsakiyar hanya da mataccen batir.

Koyil ɗin waɗannan babura yana ba da kusan amfiya 50 idan inji yana gudu sosai, amma ƙasa da haka ainun idan yana tsaye yana silo, kuma fitilu da famfon mai da kwamfutar inji sun riga sun ci rabonsu. Amfilifaya mai hanya huɗu, kowace hanya wat 100, tana iya jan sama da amfiya 30 idan aka ƙure ta, ko da yake kiɗa na yau da kullum ba ya jan ko rabin wannan. Ma'ana, amfilifaya guda ta wat 300 zuwa 600 babur zai ɗauke ta lafiya. Wanda yake son biyu ko uku ya shiga wani fage na daban, wanda yake buƙatar lissafi na musamman da batir mai ƙarfi.

Mataki na biyu: zaɓen kaya

A nan ne mafi yawan mutane suke asarar kuɗinsu, domin suna sayen lambar da aka buga da manyan baƙaƙe a jikin kwali. Wannan lamba ta ƙololuwar ƙarfi ce, wadda lasifika take jurewa na ƙiftawar ido kawai. Lambar da ake aiki da ita ita ce wadda aka rubuta RMS a gefenta, wato ƙarfin da na'ura take bayarwa ko take ɗauka ba tare da yankewa ba. A daidaita RMS na amfilifaya da na lasifika su yi kusa da juna.

Abin da ya fi wat muhimmanci a kan babur shi ne kaifin lasifika, wato yawan ƙarar da take fitarwa daga wat guda, wanda ake aunawa da desibel. Ƙarin desibel 3 daidai yake da ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu. Don haka lasifika mai desibel 93 da aka ba wat 100 za ta yi ƙara daidai da mai desibel 90 da aka ba wat 200, kuma ba tare da an wahalar da batir ba. Sai dai a lura da yadda aka yi awon. Wasu kamfanoni suna auna wa da wat 1, wasu kuma da bolt 2.83, kuma bolt 2.83 a kan lasifika mai om 4 (om shi ne ma'aunin yadda lasifika take turje wa wutar da ke bi ta cikinta) wat 2 ne, a kan mai om 2 kuwa wat 4 ne, don haka lambarsu takan fito da kumburi na desibel 3 ko 6. Idan ana kwatanta lasifika biyu, a tabbatar da ma'auni ɗaya aka gwada su.

Garkuwar gaban waɗannan babura tana karɓar lasifika mai inci 6.5. Na 1998 zuwa 2013 inci 5.25 suke ɗauka, sai an sa musu zoben ƙari kafin babbar ta zauna. A duba zurfin lasifikar, domin mai katon maganaɗisu takan tokare bangon akwatinta. Waɗanda aka yi da maganaɗisun niyodimiyam sun fi tsada, amma sun fi sauƙin nauyi da ƙanƙanta, kuma wannan yana da muhimmanci a kan Street Glide, inda garkuwar take ɗaure da kan babur kuma duk nauyin da aka ƙara mata hannun mahayi ne zai ji shi. Road Glide ba ta da wannan damuwa sosai, tunda tata garkuwar a jikin firam take. Lallai lasifikar ta kasance wadda aka ƙera don babur ko jirgin ruwa, mai jure ruwa da rana. Ta mota mai fatar takarda ba za ta ga ƙarshen damina guda ba. Akwai kuma masu ƙaramin ƙaho a tsakiya, waɗanda suke ratsa iska fiye da kowace iri, amma sautinsu yana da tsini, kuma a ganina wanda yake tafiyar awa biyar ko shida a jere zai gaji da su idan ba a tausasa su da kyau ba.

Batun om kuma ba a wasa da shi. Lasifikun da babur ya zo da su masu om 2 ne, yawancin na kasuwa kuwa om 4. Idan aka sa masu om 4 a kan rediyon asali ba tare da amfilifaya ba, ƙarfin da rediyon yake bayarwa zai ragu kusan rabi, sai mutum ya kashe kuɗi ya ƙare da sautin da bai kai na da ba. Idan aka haɗa lasifika biyu masu om 4 a kan hanya ɗaya, jan waya da ja, baƙa da baƙa, sun zama om 2, biyu masu om 2 kuma sun zama om 1, wanda ƙananan amfilifayoyi kaɗan ne suke jurewa.

Amfilifayar ta kasance ajin D. Irin wannan tana mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari ko fiye na wutar da ta ja zuwa sauti, alhali ajin AB tana ɓarnatar da kusan rabi a matsayin zafi, kuma cikin garkuwar babur wuri ne matsattse da ba ya samun iska sosai. Kamfanoni irin su Rockford Fosgate da Hogtunes da Hertz da Kicker suna sayar da kayan da aka auna don waɗannan babura, wasu har da farantin ɗaurawa da wayoyi masu soket da suke shiga na asali ba tare da an yanka komai ba. Ina ba da shawarar irin wannan saiti ga duk wanda wannan ne aikinsa na farko, domin daga 2014 na'urorin babur ɗin suna magana da juna ta layin kwamfuta, kuma yanka wayar da ba a san ta ba yana iya jawo matsalar da za ta fi ta rediyo girma.

Wayar wuta ta zama lamba 8 ta ma'aunin Amurka, kuma ta jan ƙarfe zalla. Kasuwa cike take da wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a baya, wadda ba ta ɗaukar wuta kamar ta gaskiya kuma takan ruɓe idan danshi ya shige ta. A kankare bakinta da wuƙa, idan cikin ya fito fari to ba ita ba ce.

Mataki na uku: kashe wuta da buɗe babur

A tsayar da babur a wuri mai faɗi da haske, a lulluɓe tanki da madigadin gaba da bargo ko tsohon tawul, domin fenti ba ya yafe sukundireba. Idan babur yana da na'urar tsaro, a kunna makulli alhali ɗan rimot ɗin yana kusa, sannan a zare babban fiyus da ke bayan murfin gefen hagu, in ba haka ba jiniya za ta ɗauka. Daga nan a cire sirdi, a kwance wayar batir ta nagetif tukuna, sannan ta fozitif.

A kan Street Glide, sukurori uku ne suke riƙe gilashi, huɗu kuma suna riƙe murfin waje ta ciki, kuma makullin tauraro lamba T27 ne yake kwance su. A bar na tsakiyar gilashi ya zama na ƙarshe, domin shi ne zai hana murfin faɗowa kan madigadi, kuma a tuna tsawonsu ba ɗaya ba ne, don haka a jera su yadda aka ciro su. A janyo murfin a hankali, a zare soket ɗin fitila, a ajiye shi a kan abu mai laushi. Road Glide tana da nata tsarin, wanda ya haɗa da cire ragar lasifika da sigina, kuma littafin gyara na shekarar babur ɗin ne ya kamata a bi. Kafin a taɓa wata waya, a ɗauki hoton yadda komai yake da wayar hannu.

Mataki na huɗu: lasifika

Lasifikun suna zaune ne a cikin rufaffun akwatuna na roba, waɗanda a kan Street Glide sai an kwance su gaba ɗaya kafin a kai ga lasifikar. A ciro tsohuwar, a gwada sabuwar ba tare da an ɗaure ba, a tabbatar bakinta ya kwanta daidai kuma bayanta bai taɓa komai ba. Duk wata kafa da iska za ta bi tsakanin gaban lasifika da bayanta tana kashe kaurin sauti, saboda haka a sa soson liƙi a zagayen baki, a toshe ramin da waya ta bi. A ɗaure sukurori a hankali, wannan kusurwa sannan kishiyarta, kada a matse har firam ɗin lasifikar ya karkace.

Sai a kula da jan baki da baƙi. Idan aka juya wayar lasifika ɗaya, fatarta za ta riƙa shiga lokacin da ta ɗaya gefen take fita, sai su riƙa cinye sautin juna. In alamar ta goge, a taɓa ƙaramin batirin tocila mai bolt 1.5 a bakunan lasifikar na ɗan lokaci: idan fatar ta turo waje, bakin da ya taɓa kan batirin shi ne fozitif. Kada a yi wa ƙaramar lasifikar siririn sauti wannan gwaji ita kaɗai.

Mataki na biyar: amfilifaya da jan waya

Wurin da aka saba ɗaura amfilifaya shi ne saman rediyo, a kan farantin ƙarfe da aka yi don haka. A juya ta yadda maɓallanta za su kasance a inda hannu zai kai, domin za a dawo gare su, kuma kada ta toshe bututun iskar da ke ƙarƙashin gilashi.

Wayar wuta tana tashi daga garkuwa, ta bi ta wuyan babur, ta shiga kwararon roba da ke kan firam a ƙarƙashin tanki, ta fito wajen batir. Wannan yana nufin ɗaga tanki ko cire shi. Idan za a cire, a yi hakan da mai kaɗan a ciki, kuma a sauke matsin man tun kafin a kwance batir, ta hanyar katse wutar famfon mai a bar inji ya yi ta aiki har ya mutu da kansa. Babu sigari, babu walda a kusa. Wasu suna cusa wayar ta gefen tanki don gudun wahala, amma wayar da ta kwanta kusa da kan silinda ko ta matse tsakanin tanki da firam gobara ce take jiran ranarta.

A wajen batir, fiyus ɗin amfilifaya ya kasance kusa da bakin fozitif iyakar iyawa, kada ya wuce santimita 45, kuma ƙasa da haka ya fi. Aikinsa shi ne kare wayar, ba amfilifayar kaɗai ba: idan wayar ta goge ta taɓa firam, duk tsawon da ke tsakanin batir da fiyus ba shi da mai ceto. A yi amfani da girman fiyus ɗin da kamfanin ya faɗa, kuma kada a sa shi a gidansa sai an gama komai.

Wayar nagetif ta zama kauri ɗaya da ta fozitif, kuma ta koma har batir ko wurin da kamfani ya tanada a jikin firam. Kada a ɗaure ta a ƙarfen cikin garkuwar Street Glide, domin wannan ƙarfe ta boris ɗin wuyan babur yake haɗuwa da firam, kuma wutar da za ta bi ta cikin boris mai giris za ta kawo ƙara a sauti, ta kuma cutar da boris ɗin kansa. Bayan an ja wayoyin, a juya kan babur dama har ƙarshe, a juya hagu har ƙarshe, ana kallon wuyan. Waya ba za ta miƙe ta ɗaure ba, ba kuma za ta naɗe ta maƙale ba. A sa mata rigar kariya a wannan wuri, a ɗaure ta da igiyar roba a kowane ɗan taƙi.

Sautin da zai shiga amfilifaya daga wayoyin lasifikar rediyo ake ɗaukarsa, don haka a sa maɓallin shigarta a kan matsayin karɓar sauti mai ƙarfi. Amfilifayoyi da yawa suna kunna kansu da sun ji rediyo ya tashi. Wadda ba ta yin haka sai a ba ta siririyar waya daga layin da yake samun wuta idan an kunna makulli kawai, ba daga batir kai tsaye ba, don kada ta kwana a kunne. Duk mahaɗar waya a matse ta da kyau ko a liƙe ta da dalma, a rufe da robar da take tsukewa da zafi. Murɗa waya da hannu a naɗe da salatif ba ya jure girgizar injin Harley.

Wanda zai ƙara lasifika masu faɗin inci 6 da tsawon inci 9 a murfin akwatunan gefe ya ja wayarsu ta ƙarƙashin sirdi, nesa da salansa da bel, ya sa musu soket mai hana ruwa domin a iya cire akwatin. Masu babur mai lagireto a cikin garkuwar ƙafa, irin Ultra Limited, su sani cewa wurin lasifikar ƙasa ya riga ya cike.

Mataki na shida: gyara ƙwaƙwalwar rediyo

Wannan mataki ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne yake raba aiki mai kyau da na banza. Rediyon Boom! Box ba ya fitar da sauti miƙaƙƙe. An tsara shi ya ƙara wasu muryoyi ya rage wasu domin ya rufa wa ƙananan lasifikun asali asiri, kuma idan amfilifaya ta karɓi wannan karkataccen sauti sai ta ƙara girmama karkatar. Maganin shi ne a sake saita manhajar rediyon ta daidaita fitarsa, abin da dila ko makaniken da yake da na'ura irin ta TechnoResearch ko Diag4Bike yake yi cikin 'yan mintuna. Wannan saiti ne kuma yake buɗe hanyoyin baya a kan babur ɗin da ya zo da lasifika biyu, har a samu damar karkasa sauti gaba da baya. A inda babu mai irin wannan na'ura, kamar yadda yake ga yawancin masu waɗannan babura a ƙasashenmu, mafita ita ce ƙaramar na'urar sarrafa sauti da ake sawa tsakanin rediyo da amfilifaya, irin DSR1 ta Rockford Fosgate ko PSM ta Arc Audio, kuma gara a yi odarta tare da sauran kayan tun farko.

Mataki na bakwai: saiti

A mayar da batir, fozitif tukuna sannan nagetif, a sa fiyus, a kunna da ƙaramin sauti a tabbatar kowace lasifika tana magana a gefenta. Kada a rufe garkuwa tukuna.

Maɓallin da aka rubuta wa GAIN ba na ƙara sauti ba ne, aikinsa daidaita abin da rediyo yake aikowa da abin da amfilifaya za ta iya fitarwa ba tare da ta yanke kan sautin ba. Wannan yankewa ita ce take ƙona lasifika, domin tana tura mata zafi fiye da kima. Ga yadda ake saita shi da mita: a ninka wat da om, a nemi tushen murabba'in abin da ya fito. Wat 100 a kan om 4 ya ba da 400, tushensa bolt 20 ke nan. Wat 125 a kan om 2 ya ba da 250, wato bolt 15.8. A zare wayoyin lasifika daga amfilifaya, a mayar da saitin kauri da siririn sauti na rediyo tsakiya, a kashe tsarin da yake ƙara sauti gwargwadon gudu, a mayar da GAIN ƙasa gaba ɗaya. A kunna sautin gwaji na 1,000 Hz (Hz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti), a ɗaga rediyo zuwa kashi uku cikin huɗu, a sa mita a kan awon AC a bakin fitar amfilifaya, a riƙa murɗa maɓallin a hankali har lambar da aka lissafa ta bayyana. Idan lasifikar ba ta kai ƙarfin amfilifayar ba, da wat ɗin lasifikar za a yi lissafin. Daga ranar, wannan matsayi na rediyo shi ne iyaka. Idan za a tayar da inji don awon ya zama daidai, a yi a fili kuma a taƙaita, domin injin da iska take sanyaya shi ba ya son doguwar tsayuwa.

Bayan haka a kunna matatar da aka rubuta wa HPF, wadda take hana sauti mai kauri sosai isa lasifika, a sa ta tsakanin 100 da 120 Hz ga lasifikun gaba, wajen 80 ga na akwatunan gefe. Mutane suna ƙin wannan domin a gareji yana rage dundun kiɗa, amma a kan titi wannan dundu ba ya isa kunne ko kaɗan, iska da salansa sun haɗiye shi, abin da kawai yake yi shi ne jijjiga fatar lasifika da cinye ƙarfin da murya take buƙata. Idan akwai maɓallin ƙarin kauri, a bar shi a sifili.

Gwaji a kan hanya

A rufe garkuwa, a tabbatar fitila da sigina da hon suna aiki, a fita. Idan aka ji wani siririn kuka da yake hawa da sauka tare da totur, a koma kan wayar nagetif, a kuma raba wayoyin sauti da na wuta. Idan sauti yana ɗaukewa in an ɗaga shi, ko dai om ya yi wa amfilifaya ƙasa, ko wuta ba ta isa, ko zafi ya yi yawa. Idan tashoshin FM sun raunana, amfilifayar ajin D ce take kutse, sai a nisanta wayoyinta da ta eriya. Idan batir ya wayi gari a mace, amfilifaya ba ta mutuwa tare da makulli.

Akwai kuma batun kunne, wanda ba na son a ɗauke shi da wasa. Ma'aunin hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ya nuna cewa desibel 85 awa 8 ne iyakarsa a rana, kuma kowane ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, har ya zama minti 15 kacal a desibel 100. Iska kaɗai ta riga ta kai mahayi bakin wannan iyaka, kiɗan da zai rinjaye ta kuwa ya wuce ta. Abin toshe kunne mai tace sauti yana rage hayaniyar iska, kuma mahaya da yawa sun fi jin kiɗan da kyau da shi. A cikin gari, kusa da masallaci ko asibiti ko makaranta, a sauke sautin, don haƙƙin mutane da kuma don a ji hon ɗin motar da ke tahowa ta baya.

Bayan tafiya biyu ko uku a cire sirdi a sake matse bakunan batir, a duba wayar wuyan babur ko ta fara gogewa. A lokacin hunturu ƙura takan taru a ragar lasifika, sai a share ta da burushi mai laushi, kuma idan an kai babur wanki a gargaɗi mai wankin kada ya saita bututun ruwa mai matsi a kan lasifika ko a bakin garkuwa.